Kwana Tara a Motar Wanduna

Wata uku ne tsakanin ritayata da ta maigidana. Ni na ajiye alli bayan na tsufa a ajin 'yan firamare, shi kuma ya bar aikin safiyo, aikin da ya cinye ƙuruciyarsa yana awon filaye a ƙauyukan kan iyaka. A lokacin, wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in, ƙanena yana cikin mutanen Kano na farko-farko da suka zauna a Guangzhou suna turo kaya gida. Shi ya ba ni shawarar buɗe shagon kayan yara, ya ce in zo in zaɓa da idona. Maigidan nawa, Alhaji, ya ce ba za a bar shi a gida yana gadin kaji ba, shi ma da shi za a je.

Satin farko ni na more. Kullum muna kasuwar Shisanhang ni da ƙanena, muna kutsawa tsakanin dila-dilan tufafi da masu turin kura, Alhaji yana bin mu a baya riƙe da jakata, fuskar nan a murtuke. Daga nan muka je Xintang, garin da babu abin da ake yi sai ɗinkin wandon jins. Na ba da odar wandunan yara a wata ƙaramar masana'anta. Mai wurin, wanda kowa ke kira loban, wato maigida, ya ce in dawo bayan sati in duba samfur, in ya yi mini sai a ɗinka sauran.

A hanyar dawowa muka tsaya cin taliya a shagon wani Musulmi mai farar hula, mutumin can arewacin ƙasar. Hira ta yi hira, ƙanena yana fassarawa da ɗan yarensu da ya tsinta, sai mutumin ya ce garinsu a bakin hamada yake, akwai raƙuma, akwai tuddan rairayi. Alhaji ya ajiye cokali. Tunda muka sauka a ƙasar ban ga idonsa ya buɗe haka ba.

"Hajiya, za mu je," ya ce.

"Mu je ina?"

"Hamada. Mota za mu samu, mu sa katifa a baya. Inda yamma ta yi mana, nan ne gida."

Ƙanena ya yi dariya, da ya ga ba wasa ake ba sai ya gyara zama. "Yaya Alhaji, ƙasar nan fa ba irin tamu ba ce. Ko a jirgin ƙasa sai an kwana biyu a hanya."

"Ni ban ce maka jirgi nake nema ba."

Da muka koma masauki na buɗe baki zan kawo maganar samfur, sai ya riga ni. Ya ce duk shekarun da ya yi yana kwana a motar gwamnati a kan rairayin bayan Yusufari, yana dafa shayi da asuba babu motsin kowa, ni ina gida da yara da jan biro. Ya ce ban taɓa ganin abin da ya gani ba, kuma yanzu babu ofis, babu makaranta, me za mu jira? Ba zan ɓoye ba, wannan maganar ce ta kashe mini jiki. Na ce ƙanena zai duba samfur a madadina.

Loban ne ya ba mu aron wata tsohuwar farar bas da suke kai wanduna kasuwa da ita. Kwana biyu Alhaji ya yi yana shirya ta. Aka cire kujerun baya, aka shimfiɗa katifa, ya sayo ɗan murhun gas da tukunya da jarkoki biyu na ruwa da buta. Ni na zuba shinkafa da man gyaɗa da yajin da na taho da shi daga gida. Matan masana'antar suka ɗinka mana labule da ragowar yadin wando, suna ta dariya. Sai ranar tafiya aka gaya wa Alhaji baƙo ba ya tuƙi a ƙasar sai da takardarsu, dole a haɗa mu da direba. Shi da ya kwana biyu yana gwada zama a bayan sitiyari, sai ga shi a kujerar mai zaman banza.

Direban wani siriri ne, zai yi shekara hamsin, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Kwalbar shayinsa tana tsakanin cinyoyinsa, sigari a bakinsa. Ƙanena ya sa an rubuta mana 'yan kalmomi da rubutunsu a takarda, da fassara a gefe: tsaya, banɗaki, salla, otal, ban da naman alade. Da wannan takardar muka yi kwana tara muna magana da mutumin.

Mun bar masauki da sassafe, amma sai da azahar ta gota kafin gine-ginen Guangzhou su ƙare. Sai ruwa ya tsuge. Ashe rufin motar yana yoyo ta gefen taga. Labulen ya jiƙe, ya fara zubar da shuɗi, kafin in ankara farin mayafina ya zama kamar an tsoma shi a marina. Na nuna wa Alhaji.

"Zai fita," ya ce, bai ko waiwayo ba. Taswira ce shimfiɗe a cinyarsa.

Bai fita ba har yau.

Da la'asar muka fara neman wurin da babu kowa mu yada zango. Babu irin wannan wurin. In ba gonar shinkafa ba, gida ne, in ba gida ba, tafkin agwagi. Ƙarshe muka raɓa gefen wani gidan mai, na buɗe ƙofar baya na ɗora tukunya. Ruwan bai tafasa ba mutane suka kewaye mu, tsofaffi da mata masu goyo da masu kekuna, suna ta kallonmu kawai. Wata mata ta kama hannuna ta murza da yatsa, ta duba yatsan. Na ce mata niha, gaisuwar da na iya ke nan, sai duk suka fashe da dariya. Alhaji ya fito da kamfas ɗinsa na aiki ya nemo alƙibla, muka tayar da salla a kan kwali a tsakiyar taron. A can ƙasar, yamma ake kallo, kuma har muka dawo jikina bai daina gaya mini na juya wa gabas baya ba.

Muna sallamewa 'yan sanda biyu suka iso. Ba su yi mana tsawa ba. Suka juya fasfo ɗinmu gaba da baya, suka yi doguwar magana da direba, sannan direban ya karɓi takardarmu ya ɗora yatsa a kan otal. Baƙo ba ya kwana a bakin hanya. Na sauke shinkafa da ruwa a cikinta. Otal na farko matar kanta ta kalle mu ta ce meyo, wato babu. Na biyu ma meyo. Sai a na uku, wanda aka yarje wa sauke baƙin ƙasashen waje, aka ba mu ɗaki. Haka muka yi ta yi kowace yamma. Katifar da Alhaji ya zaɓa da kansa, yana danna ta da gwiwa a kasuwa, yawo kawai muke da ita.

Kwana na uku muka shiga duwatsu. Hanya ta zama kwana a kan kwana, manyan motoci a gabanmu suna tafiyar hawainiya, babu damar wucewa. Motar ta riƙa zafi, direba ya riƙa tsayawa yana juye ruwan alwalarmu a lagireto. Hayaƙin sigarinsa kuwa, in na buɗe taga ruwa ya shigo, in na rufe in shaƙe. Gwiwoyina suka kumbura saboda zama a katifa babu majingina. Abinci kuma, in ban samu na dafa ba, sai dafaffen ƙwai da ayaba, don ko an nuna wa masu sayar da abinci takarda ba na yarda da man da suke suya da shi.

Rana ta huɗu na ce ya nuna mini inda muke. Ya ɗauko zaren da yake auna taswira da shi ya nuna. Daga Guangzhou zuwa inda muke bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Daga nan zuwa wurin da ya zagaye da jan biro kuwa ya fi taƙi.

"Alhaji, wannan fa?"

"Duwatsun ne. Da mun fita daga cikinsu hanya miƙaƙƙiya ce."

"Haka ka ce jiya."

"To yau ma na faɗa."

Washegari da hantsi muka tarar da layin manyan motoci, direbobi sun fito suna karta a ƙarƙashin tirela. Muka taka zuwa gaba ni da Alhaji. An gindaya ƙarfe a hanya, sojoji suna ta jera buhunan yashi, gaba da su kuma babu titi, sai jan ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, rufin gidaje da kan bishiyoyi suna leƙowa. Alhaji ya koma mota ya buɗe taswira, ya nuna wa direba wata hanya ta yamma. Direba ya girgiza kai. Ya nuna wata. Ya sake girgiza kai. Alhaji ya fara ɗaga murya da Hausa, shi ma yana mayar masa da yarensu, kowa jijiyar wuya a tashe.

Akwai wani shago da ake biya a buga waya. Na ja su can na kira ƙanena. Ya yi magana da direba, sannan ya ce a ba ni.

"Yaya, ku juyo. Ya ce ambaliya ce ko'ina, kuma ko babu ruwa, a irin tafiyar da kuke yi sai kun ƙara sati kafin ku ga rairayi. Bizarku ma ba za ta kai ba."

Na ajiye waya. Ruwa yana zuba, takalmina cike da taɓo, mayafina shuɗi, ga mutane sun sake taruwa suna kallonmu. Alhaji ya ce, "In muka jira kwana biyu ruwan zai iya janyewa."

A nan na faɗi maganar da har yau take damuna. Na ce, "Shekara talatin gwamnati tana biyanka awon ƙasa, amma ka kasa auna wannan? Ka ɗauko ni da tsufana kana yawo da ni a motar wanduna kamar kayan talla."

Alhaji ya ninke taswirar a kan layukanta, a hankali, ya sa a aljihu. Ya buɗe ƙofar baya ya hau katifa, ya bar mini kujerar gaba. Da ya rama da ya fi mini sauƙi.

Dawowar ma ba ta zo da sauƙi ba. A rana ta biyu direba ya saki babban titi ya shiga wata 'yar hanya, na yi ta nuna masa takarda, babu kalmar da ta dace da tambayata. Bayan awa biyu muka tsaya a wani ƙauye, wata tsohuwa ƙanƙanuwa ta fito tana dukan kafaɗar direban. Ashe gaban mahaifiyarsa ya kawo mu, tunda an biyo ta kusa. Yini guda ya tafi a banza. Na zauna a dakali ina huci. Tsohuwar ta lura da yadda nake ɗingishi, ta daka citta ta haɗa da wani ganye, ta durƙusa ta ɗaure mini a gwiwoyi ba tare da ta tambaye ni ba. Ya yi zafi kamar barkono, amma kumburin ya saɓe.

A ƙauyen babu otal, babu ɗan sanda, don haka a nan kaɗai muka kwana a motar. Sauro ya yi mana kaca-kaca. Da gari ya waye na tarar Alhaji ya kunna murhu a ƙofar mota, agwagi suna zagaye da shi. Ya miƙo mini kofi.

"Ba haka na so ba, Hajiya."

"Na sani."

Iyakar abin da na iya cewa ke nan. Ban haƙurin yana bakina, amma haushi bai gama sauka ba.

Mun shiga Guangzhou a rana ta tara. Ƙanena ya tare mu yana sosa ƙeya. Ashe ranar duba samfur kwantenarsa ta samu matsala, bai je Xintang ba, loban kuma da ya ji shiru sai ya ɗinke kayan duka. Ɗinki ya yi kyau, yadi mai kauri. Amma tambarin ƙwallon da na zaɓa a ɗinka a aljihun baya don ado ya ƙare musu, sai suka sa abin da suke da shi: ɗan alade mai ruwan hoda, yana murmushi. A kowane wando. Na zauna a kan dila na rasa kuka zan yi ko dariya. Loban ya kasa gane abin da ya ɓata mini rai, yana ta nuna mini yadda zaren ya kwanta.

Haka muka kawo su Kano, don babu lokacin sakewa. Ban buɗe shago ba sai bayan wata biyu. Kullum in an yi la'asar sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, dila a tsakiya, kowa da rezarsa, muna farke alade ɗaya bayan ɗaya. Ni na huda aljihu ya fi goma saboda gaggawa. Alhaji kuwa sai ya sa tabarau, ya kai wandon kusa da hanci, ya bi zaren ɗaya-ɗaya har ya fita tas, ko alama babu. Rabin dilar da ya fi kyau nasa ne, kuma shi aka fara sayewa.