Rayuwar Ernest Calatayud da Zargin da Ya Riƙe Shekara Arba'in

Haihuwa da Aure

An haifi Ernest Calatayud a garin Alcoi na ƙasar Sifaniya a shekarar 1947, mahaifinsa Baptiste masaƙi ne, mahaifiyarsa Remei kuwa mai gasa burodi. Bayan ya kammala karatun malanta ya koma Valencia, inda ya auri Empar Sanchis a 1969, alhali zuciyarsa maza take so, a zamanin da hukuma ke ɗaure mutum kan haka.

Gwagwarmaya da Kurkuku

A 1971 shi da amininsa Ximo Peiró suka kafa ƙungiyar sirri ta neman 'yancin masu son jinsinsu. A 1973 'yan sanda suka dira gidan da suke taro, ranar da Ximo bai zo ba. Ernest ya sha ɗaurin shekara biyu, ya fito yana rantsuwa cewa Ximo ne ya sayar da su. Tun daga nan bai ƙara yarda da kowa ba, ko kofi aka miƙo masa sai ya tambayi dalili. Ximo ya yi ta aike, har ya rasu a 2009 Ernest bai amsa gaisuwarsa ba.

Wasan Waƙa

A 2014, bayan rasuwar Empar, 'yarsu Neus ta shirya wasan dandamali na waƙe-waƙe kan tarihin ƙungiyar, ta sa Ximo jarumi. Ran Ernest ya ɓaci ƙwarai. "Ke ma sun saye ki ke nan?" in ji shi. Ta ce, "Baba, ka zo ka gani da idonka kawai."

Ya je ne don ya kama ta da ƙarya. Da aka zo wurin cin amanar, sai ga mace ta fito rungume da jaririya, ta nufi ofishin 'yan sanda tana kuka, tana rera waƙar reno. Waƙar da Empar take yi wa Neus ce, ba wanda ya san ta sai 'yan gidan. Ashe Empar ce ta kai su ƙara, ba Ximo ba, kuma abin da ta faɗa wa 'yarta ke nan kafin ta cika. Ernest bai tafa ba, kuma shi ne na ƙarshe da ya bar zauren.

Rasuwa

Ya rasu ranar 3 ga Maris, 2016, ya bar 'ya'ya biyu, Neus da Guillem. Bisa wasiyyarsa, ba a kai shi Alcoi wurin iyayensa ba. An binne shi a Valencia, kusa da kabarin Ximo.