Mulufin da Ya Tuɓe Riga

Shekarar da aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato na sami aikin malamin gona, aka turo ni gida, ƙasar Ngaski, bakin tafki. An ba ni babur da takalmin roba da wani kati mai hotunan tsuntsaye. A katin nan mulufi ja ne wur, ƙirjinsa baƙi. Jan-baki kuwa, mai cinye hatsi, ɗan mitsitsi ne mai launin ƙasa. Iyakar ilimina ke nan, amma da shi nake ɗaga kafaɗa a gari.

Kawuna, yayan Inna, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Shinkafarsa ta fadama ta yi kyau a shekarar, kuma ita ce abincin gidan har wata damina. Tana fara nuna sai jan-baki suka bayyana. Na rubuta wa ofis, aka ce masu feshi za su zo sau ɗaya, maganin na wuri ɗaya ne, ni zan nuna inda tsuntsayen ke kwana.

Da ma na ga wani garke yana sauka cikin dogayen ciyayin bakin hanya kowace yamma. Na kai Kawu in nuna masa gwanintata. Ya daɗe yana kallo.

“Waɗanga ba jan-baki ba na,” in ji shi. “Mulufi na.”

Na yi dariya, na zaro kati. “Kawu, to ina jan?”

“Ya tuɓe. Damana ta wuce, ya aje rigar biki. Dubi bakinai, hwari-hwari na, ga layi bisa ido. Masu ci muna shinkahwa tsibiri su ka kwana, kullum ina ganin hayewarsu.”

Ranar da masu feshi suka iso, shugabansu ya fito daga mota da babbar riga mai guga. Na ambaci tsibiri sama-sama. Ya kalli kwalekwale, ya kalli ruwa, ya ɓata fuska. Nan take na ce ai ga maɓoyarsu kusa, mota ma tana isa. Sai Kawu ya ratso mutane, hannunsa duk taɓo, ya sake faɗin abin da ya faɗa mini.

“Wane ne wannan kuma?” in ji shugaban.

“Wani tsoho ne, ranka ya daɗe, manomi.”

Haka na ce, da bakina. Mutumin da ya goya ni zuwa asibitin Yelwa ina ƙyanda. Kawu ya dube ni sau ɗaya, ya juya.

Aka yi feshi dab da magariba. Da safe na je na tarar da tsuntsayen zube kamar an kaɗe tsamiya. Na ɗauki ɗaya, na ɗauki goma. Babu mai jan baki ko guda. A wuyan wani ma ga ragowar gashi ja, ƙwara biyu, bai gama zubarwa ba. Mulufi ne, kamar yadda Kawu ya faɗa. Duk da haka na koma na rubuta cewa aiki ya yi nasara, don tsoro da son kai.

Ba a yi mako ba jan-baki suka taso daga tsibiri kamar hayaƙi, suka sauka kan shinkafar Kawu. Kawu da matarsa suka yi ta buga gwangwani har muryarsu ta dushe. Cikin kwana uku ba a bar musu komai ba sai kara da ƙaiƙayi. Ni kuwa takardar yabo aka aiko mini, da hatimi.

Na yi kwanaki ina kewaye gidan Kawu kafin na iya shiga. Na tanadi kalmomin ban haƙuri, ina fatan ya zage ni, ko ya mare ni, in huta. Na same shi yana ɗinkin taru, don duk da shekarunsa dole ya koma kamun kifi ya ci da gida. Na yi sallama, na durƙusa na ce, “Kawu.”

Ya amsa sallamata da kyau, ya miƙe ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Sannan ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa, “Kawo ruwa, mun yi baƙo daga ohis.”