Ranar da Aji Ya Jira Ni

Da in'ina na tashi. A Anguwan Rogo ta Jos, in aka aike ni sayen gishiri, kafin in gama faɗa mai tebur ya sallami na bayana. Shi ya sa da na shiga sakandare, ƙarshen shekarun saba'in, na ɗinke bakina, har aka ɗauka kan ma ba komai a ciki.

A aji uku ake zaɓen masu shiga ajin kimiyya, ni kuwa can raina yake. Matsalar ita ce mai zaɓen, malamin lissafinmu, wani dogon mutumin Vom da Hausarsa ba ta raba mace da namiji, da baki yake auna ɗalibi. Ina zai san da ni?

Makon nan muna kan fankshan. Ya ce dokar ɗaya ce: duk lambar da ka sa a gurbin x, y ɗaya tak za ta fito, kamar yadda ɗa ba ya da uwa biyu. Ya rubuta y = x², aji ya ɗauka baki ɗaya, "Fankshan ne!" Ya gyaɗa kai, ya rubuta y² = x. Suka sake rerawa, har da masu gyangyaɗi.

Sai ya hango ni. "Kai yarinya, me ya sa bakinka yana kulle?"

Ta kusa da ni ta yi caraf, "Malam, ai ba ta iya magana."

Raina ya ɓaci. Ba in'ina ce ta hana ni ba, ban yarda da amsar ba ne. Na miƙe, na karɓi alli a hannunsa. Na sa 9 a gurbin x. Na rubuta 3, na rubuta −3 a gefe, tunda kowacce ka ninka da kanta tara za ta bayar. Uwa biyu ke nan. Na ajiye alli zan gudu wurin zamana.

Ya tare ni. "A ajin kimiyya ba allo kawai za ka yi ma magana ba. Gaya musu da baki. Wanda ya yi dariya zai share fili."

Na juyo. Kalmar farko ta maƙale a wuya, ta biyu ma haka. Ba wanda ya ƙarasa mini, ba wanda ya motsa. Na yi ta fama har na kai ƙarshe da kaina: ba fankshan ba ne.

Ban taɓa alfahari da kaina kamar ranar ba. Sai da na kama hanyar gida maganarsa ta dawo mini, na tsaya cak a bakin titi. "A ajin kimiyya" fa ya ce.