Alama ta Takwas a Kashin Bayan Samha

Na Allah ne mu, kuma komawa gare Shi babu fashi. Ranar Talata, sha uku ga watan Sha'aban na shekarar 1388, tsakanin Azahar da La'asar, Allah Ya karɓi ran Baffa Khalfan bin Sarur, babban mai gyaran jiragen ruwa na nan Sur. Ya rarrafo daga ƙarƙashin jirgina, ya ce a ba shi ruwan alwala, ya jingina da tarin katako, kafin a iso da butar rai ya yi halinsa. Shekarunsa sun haura saba'in. Ni ne Hamud bin Zahir, mai jirgin da ake kira Samha, kuma a gajiye nake wannan rubutu.

Baffa, ban cancanci in yabe ka ba, don duk garin nan babu wanda ya kai ni saɓa maka. Ka san Samha tun kafin in san ta. A zamanin mahaifina, kai ka shimfiɗa mata kashin baya, dogon gungumen nan na can ƙasa wanda kowane katako na jirgi yake dogara da shi. Kowa ya san ɗabi'arka: in aka kira ka jirgi yana yoyo, ba ka taɓa guduma sai ka durƙusa ka kamfaci ruwan da ya taru a ciki ka kai baki. Muna samari muna yi maka dariya, muna cewa tsohon nan ƙishirwa ce ke kawo shi. Kai kuwa ka tofar, ka ce wannan na randa ne, ko wannan na teku ne, ko kuma ka yi shiru ka ɓata fuska. Shirun nan shi ne abin tsoro, don yana nufin ka ji tsatsar ƙusa.

Ban taɓa jin ka kushe aikin wani ba. Ko ka tarar da ɓarna ƙiri-ƙiri, iyakar abin da za ka ce shi ne wanda ya yi wannan yana sauri. Sau nawa muka ga ka bar babban jirgi ka tafi duba ɗan kwale-kwalen masunci, don ka ce shi in bai fita yau ba gidansa ba za a ɗora tukunya ba. Ka dawo ka sha gahawarka da ta huce, da dabino uku, ka koma ƙarƙashin katako.

Shekara uku ke nan da muka ɓata. Samha ta fara tara ruwa ta baya, na kira ka ina gaggawa, don iskar arewa da ke kai mu Mombasa ta kusa tasowa. Ka ɗanɗana, ka yi shirun nan. Ka sa aka tsane cikin jirgin ƙaƙas, ka barbaɗa farar ƙasa tun daga goshi har wutsiya, ka zauna jiran teku ta ciko. Da ta ciko, sai ga siririn layin danshi ya faro daga can gaba, ya bi gefen kashin baya a ɓoye, ya je ya ɓulla ta baya inda nake ta nunawa.

Na ce, "Baffa, ni dai ka danna mini auduga a nan in kama hanya."

Ka ce, "Ɗan Zahir, inda ruwa ya fito daban, inda ya shigo daban. Ƙusoshin gaba sun mutu. Ka ja ta tudu."

"In ja ta tudu iska ta wuce ni? Auduga fa kawai na ce!"

"To, nemi mai auduga. Ni ba na rufe wa ruwa fuska."

Na nemo kuwa. Aka jiƙa auduga da man kwakwa aka danna, da ruwa ya ƙi tsayawa na sa aka ƙara, ni da kaina na karɓi guduma na ƙara. Abin da ban sani ba, duk dukan da na yi ƙara raba katakon nake yi da kashin baya. Shekara biyu Allah Ya rufa asiri. A ta uku, kan hanyar dawowa, bakin katakon ya buɗe. Kwana goma sha ɗaya ni da mutum goma sha huɗu muna kwarfar ruwa da guga, hannuwa suka ɗaye, muka zubar da rabin kaya a teku. Mun sha da ƙyar.

Ranar da muka shigo, kana tsaye a bakin ruwa. Na shirya jin gori, don na cancance shi. Sai na ga kana ƙirga mutanena da yatsa suna saukowa. Da ka kai sha huɗu ka ce alhamdulillahi, ka juya ka tafi. Washegari da sassafe ka zo da jakar kayan aikinka, ba wanda ya aika maka. Har ka koma ga Allah ba ka tayar mini da maganar nan ba, kuma wallahi da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wata huɗu muka yi a ƙarƙashinta, ni da kai. Ƙusar da aka buga da kaurin babban yatsa, ka zaro ta ta koma kamar tsinken tsire. Kana bin kashin bayan kana ƙwanƙwasawa da 'yar guduma, kunnenka manne da itace, inda ka ji ba daidai ba ka tsoma yatsa a farar ƙasa ka dangwala. Numfashinka ya riga ya gajarta, ina gani, amma na kau da kai don ina son aikina ya ƙare. Wannan ma yana cikin abin da ke hana ni sukuni. Ranar Litinin ka ce mini saura alama bakwai, sai a rufe, a shafe ta da kitse da farar ƙasa, a tura ta ruwa.

Bayan an share makoki na shiga ƙarƙashin Samha don in ƙarasa. Na ƙirga alamun, bakwai ne kamar yadda ka ce. Sai can gaba, inda kashin baya ya haɗu da goshin jirgi, na ga ta takwas, sabuwa, an dangwala ta sau biyu. Ita ce aikinka na ƙarshe, ba ka samu ka gaya wa kowa ba. Na ɗauki gudumarka na ƙwanƙwasa, wurin ya amsa kamar busasshen duma. Na soka wuƙa, ta shige har ƙota. Tsutsar teku ta cinye cikin gungumen ta bar fata. Sai an yanke an sa sabo, aikin wata uku, kuma mai yin sa ya tafi.

Ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba. Iska ta taso, jirage suna ta fita da dabino da busasshen kifi, gidaje goma sha huɗu suna kallona, babu kuma wanda ya ga alamar nan sai ni. Shafa ɗaya da tafin hannu ta isa ta goge ta. Na ɗauko auduga, na jiƙa ta, na daɗe a durƙushe da ita a hannu. Daga baya na ajiye, na fito na tara mutanena, na ce bana ba tafiya.

Mabruk, babban matuƙina, ya harzuƙa. "To, mai jirgi, me za mu kai wa iyali? Farar ƙasa za su ci?"

Na ce, "Shiga ka gani, Mabruk."

Ya shiga yana gunaguni, na ji ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ya fito yana kakkaɓe gwiwa, bai dube ni ba, ya ce, "Tsohon nan! Ya mutu ma bai fasa hana mu tafiya ba." Sai ya rufe fuska da rawaninsa.

Yadda za mu ci wannan shekara ban sani ba. Na raba waɗansu daga mutanena a jiragen abokai, saura za mu yi kamun kifi a bakin gaɓa. Na gaji, Baffa, gajiyar da ban yi ba ko a kwana goma sha ɗayan nan.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Khalfan, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya rayukan da ya tsare su zama hujja gare shi ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Inna Zuwaina, da 'ya'yansa Sa'ud da Moza da Shamsa, da duk masu gyaran jirgi da suka koya a hannunsa. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya sa mu cika da imani.

Gobe Sa'ud zai zo mu sa zarto. Na roƙe shi ya yanke mini guntun da ke ɗauke da alamar, kada ya goge ta. Zan ajiye shi kusa da inda nake zama in riƙe akalar jirgi, don na san kaina, kuma yanzu babu wanda zai ce mini a'a.