Rabin Aski da Inbatarsa

Duk layin babu mai kiran mai askin nan da sunansa na yanka. Rabin Aski ake ce masa, har matarsa idan ya ɓata mata rai. Kuma tsakani da Allah ba laifinsa ba ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan, hedimastan makarantar unguwa ya zauna a kujerarsa, an kwashe gefen dama tas, sai aka ɗauke wuta. Ga taron iyayen yara saura rabin awa. Bawan Allah ya tafi da hula har kunne, yana cikin jawabi ya sunkuya ɗaukar biro, hula ta yi nata wuri. Shi ya raɗa wa mai aski sunan, bai kuma sake taka shagon ba.

Sunan nan yana ci masa rai fiye da yadda ake zato. Hannunsa da kyau, kan jariri ma ba ya yanka, amma baƙo na jin sunan sai ya shafa kansa ya wuce shagon gaba.

Shi ya sa ranar da ya sayo inbata, na'urar ba da wuta idan an ɗauke, da ƙaton batir ya kusa zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ya yi mata gurbi ƙarƙashin madubi, kullum sai ya goge ta da tawul ɗin da ko kwastoma ba a goge wa wuya da shi. Mai sayarwa ya ja masa kunne: injin aski, ƙwan fitila ɗaya, fanka ɗaya, kada ya ƙara ko allura.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mutumin bai iya cewa a'a ba. Telan layin ya kawo wayarsa caji, maƙwabta suka biyo baya da nasu. Surukar mai aski ta aiko da tocila da rediyo, wa zai mayar? Mai kantin da ke jikin shagon ya zuro waya ta taga, wai ɗan ƙaramin firji ne, ba ya cin komai.

Sau uku yana aika wa hedimasta, wanda yanzu ya yi ritaya, cewa shago ya samu wutar da ba ta ɗaukewa. A na huɗu tsohon ya zo da safiyar Asabar cikin tsohuwar motarsa, ya zauna yana hararar inbatar ta madubi. Tun jiya babu wuta a unguwar. Mai aski ya yi bisimilla ya kwashe gefen dama. Yana juyowa hagu inbata ta fara tsuwa, tii, tii, injin ya yi gurnani a hannunsa ya mutu.

Tela, da ya zo karɓar wayarsa, ya toshe baki da hula.

"Malam, ara mini makullin motarka," in ji mai aski.

Kafin tsohon ya gane me ake ciki, mai aski ya buɗe gaban motar, ya jawo inbata bakin ƙofa ya maƙala wayoyinta a batir ɗin motar. Inji ya tashi. Bai yi gaggawa ba. Ya gyara ƙeya, ya daidaita saje, ya bi gemu gashi ɗaya-ɗaya, ya yi kusan awa yana abu ɗaya, don so yake duk layin su gani. Abin da ya manta shi ne wayoyin hannu goma sha bakwai da firjin mai kanti suna nan a jone, suna zuƙar batir ɗin da da ma da ƙyar yake tashin motar.

Hedimasta ya duba madubi gaba da baya. Ya shiga mota ya murza makulli. Ƙyas. Ya sake murzawa, ko tari ba ta yi ba.

Mai aski ya ajiye tawul ya kama bayan mota yana turawa, gumi na zuba, yana jiran sunan ya fito a gaban kowa. Tsohon ya leƙo da kansa ta taga.

"Malam mai aski, ɗan ƙara ƙarfi mana."

Motar ta tashi tun wajen kantin, amma mai aski bai sake ta ba sai da ya kai ta ƙarshen layi.