Sandar Awon Kaka

Jiya na kai ɗinki wurin wani tela a Maraɗi, sai ya zaro igiyar awo daga wuyansa. Fuska biyu gare ta, inci a gefe guda, santimita a ɗayan. Yana ta juya ta a hannu kamar ba komai ba, ni kuwa sai da na nemi kujera na zauna. Ka ga abin nan da ake kasawa a kowane tebur a kasuwa? Rashin irinsa ne ya raba mu da tsamiyar gidanmu.

Kakana mai sayar da ƙyalle ne. Yakan saro a Jibiya da Katsina, ya kasa a Ɗan Issa da Madarumfa. Yana da sandar awo, yadi guda cif, wadda ya sayo a Katsina tun yana saurayi, har ta yi baƙi ta yi santsi don shan hannu. Ya fi yarda da sandar nan a kan 'ya'yan cikinsa, kuma bai taɓa ɓoye musu ba.

Gidanmu yana gefen tsohuwar hanya ta jar ƙasa, mai ramuka kamar an yi sussuka a kanta. Tsakanin hanyar da dangarmu tsamiyar take. Kaka yana salla, amma matarsa, wadda muke ce wa Tsohuwa, ba ta saki na gado ba. Kowace bazara kafin shuka takan zuba gumba da nono a gindin itaciyar, ta yi magana ƙasa-ƙasa da waɗanda take cewa su ne masu gidan tun kafin mu. Har yau in na ji tsamin gumba ta kwana, inuwar nan nake gani.

Wata shekara ma'aikatan hanya suka zo suka kafa turaku a tsakiyar hanyar. Suka bar wa mai gari saƙo cewa za a faɗaɗa ta a zuba kwalta, duk abin da ke cikin mita ashirin daga turakun a kawar da shi. Hankalin Tsohuwa ya tashi. Ta ce a kira dattawan dangi a yanka akuyarta, a roƙi masu tsamiya su ƙaura zuwa wata itaciya a gona, don ba a tashin su sai da sallama.

Kaka ya ɗauko sandarsa. Ya durƙusa a jikin turke yana kifa ta a ƙasa yana ƙirgawa, ina biye da shi. Ashirin ta cika, tsamiya tana gaba da taki guda. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce mini, “Amaryata, tahi ki hwaɗa ma kakarki ta bar akuyarta. Hanya ba ta kai nan.” A saninsa mita da yadi duk abu ɗaya ne, Faransa da Ingilishi ne kowa da sunan da ya ba shi. Babu wanda ya yi masa musu, don kowa ya san bai taɓa tauye wa mutum awo ba.

Ran da katafila ta zo yana kasuwa. Kafin azahar tsamiya tana kwance, saiwoyinta a sama, ƙamshin ɗanyar ƙasa ya cika gidan. Tsohuwa ba ta yi kuka ba. Ta tsaya jikin danga da ƙwarya a hannu har aka ja gungumen.

Da Kaka ya dawo bai shiga gida ba, ya wuce wurin shugaban ma'aikatan da sandarsa. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya shimfiɗa igiyar awonsu a ƙasa, Kaka ya aza sandarsa a kai. Sandar ta ƙare, mita ba ta ƙare ba, saura kamar faɗin yatsu huɗu. “Baba, taka ta Ingilishi ce,” in ji shi, “ɗan wannan sau ashirin ya kai itaciyar.” Kaka ya daɗe yana kallon gurbin. Ban taɓa ganin tsufa ya sauko wa mutum a wuni ɗaya ba sai ranar.

Tsohuwa ba ta taɓa goranta masa ba, kuma ina jin hakan ya fi yi masa ciwo. Ba ta sake zuba gumba a ko'ina ba, ta ce ba ta san inda suka tafi ba balle ta bi su. Shi kuma ya rataye sandar a ɗaki, ya koma auna ƙyalle da kamu har ya bar kasuwa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, hanyar ta yi kyau. Mai naƙuda tana isa asibiti da rai, manoma suna kai albasa kasuwa ba ta lalace ba. Ni ma ina binta, kuma ina jin takaici duk sanda mota ta wuce wurin da gudu, babu ko alamar tsamiyar. Sandar tana hannuna yanzu. Da na dawo daga wurin tela na ciro ta, na jera yatsuna huɗu a ƙarshenta, na ga duka-duka abin ke nan.