Kalmar da Babu Ita a Sakkwato

Shekarun baya, in gardama ta tashi a ƙauyenmu a kan ma'anar wata kalma, ba littafi ake ɗaukowa ba, wajen tsohuwa ake zuwa. Yanzu jikokina waya suke latsawa, ta ba su amsa da Larabci kafin in gama gyara zama. Mu a zamaninmu, cikin shekarun sittin, a wani ƙauyen Hausawa kudu da Wad Madani, ƙamus ɗinmu yana ɗaura zane, yana jan carbi, yana kuma zagi. Kakata ce, mahaifiyar babana.

Tana ƙaramar yarinya aka taso da ita daga ƙasar Sakkwato cikin ayarin da ya nufo gabas a ƙasa, suka yi shekaru a hanya kafin su sauka bakin kogin da ƙauyenmu yake. Mu kuwa a nan aka haife mu, Hausarmu rabinta Larabci. In ka kira ta da Larabci ka ce mata "haboba" sai ta zama kurma, sai ka ce "Kaka" kunnenta ya buɗe. Ba ta da gona, ba ta da awaki. Abin da take taƙama da shi ɗaya ne: maganar gida tana bakinta, kuma ba ta taɓa ƙara mata gishiri ba.

Lokacin cirar auduga, in mun dawo daga hawasha, wato gonar da aka yanka wa kowane gida, mun yi sallar la'asar, sai samari mu taru a rumfarta. Za ta faɗi wata tsohuwar kalma da ba mu sani ba, ta kira mutum uku ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa kowa raɗa a kunne. Ɗaya kaɗai take faɗa wa ma'anar gaskiya. Sauran biyun zagi take raɗa musu, kuma dole su haɗiye dariya su gyaɗa kai. Sai kowa ya miƙe ya bayyana kalmar kamar a bakin uwarsa ya ji ta, 'yan kallo su zaɓi mai gaskiya. Wanda aka ruɗa shi zai ɗebo wa Kaka ruwa daga tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki.

Daga baya na ga ɗalibai a Hartum suna irin wannan wasa da ƙamus na Larabci, na kuma gani a Kano da na Turanci. Nasu ya fi sauƙi. In an gama sai a buɗe littafi, gardama ta mutu, littafi kuwa ba ya jin haushin kowa.

Ni ba gwani ba ne. Ranar da ta kawo "zunguru" na ce tsuntsu ne mai dogon wuya da ke bin shanu, na kawo launinsa, na kawo inda yake ƙwai, har kukansa na yi. Ba wanda ya zaɓe ni. Ashe dogon duma ne da mata ke zura hannu ciki in sun yi ƙunshi. Kaka ta ce, "Angona, ƙaryarka kaya gare ta. Ko jaki biyu ba su ɗaukar ta."

Gwanin shi ne abokina, maƙwabcinmu. Ƙaryarsa gajera ce, yana faɗa yana sosa ƙeya kamar abin ya gundure shi. Amma ba ya son faɗuwa. Wata rana da tulu ya hau kansa, ya ce a gaban kowa, "Wa ya sani ma ko Kaka ƙirƙira take yi? A cikinmu wa ya je ya gani?" Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, "Allah shi kawo mutumin gida, ka ji da kunnenka." Maganar ta bazu, har matan unguwa suka fara tsokanarta da ita a wajen niƙa.

A kakar ce wani dattijo daga ƙasar Sakkwato ya sauka ƙauyenmu a hanyarsa ta zuwa hajji, ya tsaya cirar auduga kafin ya wuce. Kaka da kanta ta aika aka gayyato shi. Ranar rumfar ta cika, har manya suka zo da buzayensu, aka ɗora jabana, butar dafa gahawa, ƙanshi ya tashi.

Ta fara da "burtali". Aka yi wasa, ta yanke hukunci cewa hanyar shanu ce tsakanin gonaki. Baƙo ya ce, "Haka nan ne, Inna." Ta kawo "gurumfa", ya ce malfa ce, gaskiyarta. Kowane karo sai ta juya ta dubi abokina ta ce, "Mijin banza, kana ji?"

Sai ta ce, "Lakwando."

Ni ta raɗa wa gaskiya. Abokina ya ce ƙulli ne da ake yi wa jaki a ƙafa. Na ukunmu ya ce miyar ganye ce. Ni na ce ɗan hatsi ne da matafiya ke ɗaurewa a reshen itace in za su tashi daga zango, saboda wanda aka bari a baya. Kamar kullum, abokina aka bi. Da Kaka ta nuna ni, sai abokina ya juya wajen baƙo. "Malam, haka ne?"

Dattijon ya daɗe yana duban finjalinsa. Ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Wagga ban taɓa jin ta ba."

"Ko wajen Wurno?"

"Na yi fatauci can."

"Gobir fa?"

"Uwata Bagobira ta. Ban ji ba, Inna."

Wata mata a bayan rumfa ta yi 'yar dariya ta danne. Abokina ya buɗe baki, babana ya dube shi, ya rufe. Ni kuwa ƙasa nake kallo, don na san in aka tashi a haka, gobe ba mai sake tambayar Kaka ko sunan ludayi.

Ba ta yi zagi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ajiye carbinta a cinya, ta yi magana a hankali, kamar da kanta take yi.

"Tsaya. A bakin wa nij ji ta? A bakin innata. A gida kuwa... a'a. Sai da munka wuce Barno." Sannan ta ci gaba. "Ƙanena zazzaɓi ya kama shi a wani zango. Ayari ba ya jira. Babanmu yac ce mu tafi, shi zai zauna da yaro, su cim muna. Tun ran nan, duk inda munka tashi, innata sai ta ɗaure ɗan gero a tsumma ta rataye a itace. Ta ce mini, riƙe, ki hau ki ɗaura lakwando. Ni ka hawa, don ni ce marar nauyi. Har munka iso kogin nan tana yi."

Wani cikin manya ya tambaya ko babanta da yaron sun iso. Ta girgiza kai.

"Ni na ɗauka kowa na cewa haka. Ashe tata ce. Ko sunan da take kiran yaron ne, ko mi, ban sani ba. Ban tambaya ba." Ta dubi abokina. "To ka ci, mijin banza. Wagga ba ta gida ba ce."

Baƙon ya ce, "Inna, mu da munka zauna ba mu bar kowa a baya ba. Mi za mu yi da ita?"

Abokina ya miƙe. Shi da ba a ruɗa ba, shi ya ɗauki tulu ya nufi tur'a.

Na je Sakkwato bayan rasuwarta, na tambayi tsofaffi a kasuwa da ƙofar masallaci, ba wanda ya san kalmar. Ban yi mamaki ba. A yawon da na yi na lura duk mutanen da suka bar ƙasarsu suna tsare harshensu kamar mai tsaron ajiyar wani, suna tsoron a ce sun taɓa. Ba sa lura cewa hanya ma ta saka nata a cikin kayan.

Kaka ta ci gaba da yi mana alƙalanci har ƙarfinta ya ƙare, sai dai ta daina cewa "haka ake faɗi a gida", ta koma "haka muke faɗi". Tun daga shekarar kuma, a ƙauyenmu duk abincin da aka rufe aka ajiye wa wanda bai dawo ba, lakwando ake ce masa, har a gidajen da yaransu ba sa jin Hausa.